Kundin shekara biyar da na tsinta a sito

Ranar Asabar da ta wuce uwargida ta ce haƙurinta ya ƙare a kan siton bayan gida, sai an fitar da komai an share kafin damina ta sauka. Ni da autanmu muka shiga aikin. Can ƙarƙashin tsofaffin jaridu da wata fanka da ta mutu tun zamanin Obasanjo, sai ga wani kwali an ɗaure shi da igiyar leda. Da na kwance, sai na ga kwafi-kwafi na kundin tsare-tsaren jami'ar da na yi wa aiki, wanda muka ce shi zai ja ragamarta na tsawon shekara biyar. Gara ta cinye gindin kwalin tas, amma ba ta taɓa littattafan ba. Takarda ce mai sheƙi, bango mai kauri, ga hoton ƙofar jami'a an ɗauka da hantsi, har da furannin da aka dasa don hoton kawai. Yaron ya ɗaga ɗaya ya ce, "Baba, wa ya rubuta wannan?" Na ce ni ne. Ya juya shi gaba da baya ya ce ai bai ga sunana ba. Na ce haka aikinmu yake.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin magatakardar wata jami'ar gwamnatin tarayya, daga ƙaramin jami'in mulki har na yi ritaya ina mataimakin magatakarda. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba, domin da yawa daga cikin waɗanda zan ambata suna raye, kuma muna haɗuwa a wajen ɗaurin aure. Ban taɓa koyar da ko aji ɗaya ba. Aikina shi ne in zauna a ƙarshen tebur da biro da takarda, manya su yi magana, ni kuma in rubuta abin da ya kamata a ce sun faɗa. Shugabannin jami'a shida na yi wa wannan hidima, har da na riƙon ƙwarya. Mai zama a ƙarshen tebur ba ya da ta cewa, amma babu abin da ba ya gani.

Na tuna yadda aka haifi kundin nan. An kwashe mu zuwa wani otal a wani gari na kwana uku, wai don kada hayaniyar ofis ta dame mu. Shugabannin tsangayoyi, daraktoci, ma'aji, shugaban ɗakin karatu, da wani ƙwararre da aka ɗauko daga Legas da na'urarsa ta haska rubutu a bango. Ranar farko gaba ɗayanta a kan jimla guda ta ƙare: shin za mu rubuta cewa burinmu shi ne shiga sahun jami'o'i ɗari mafiya inganci a duniya, ko kuwa goma na Afirka? Wani farfesa ya miƙe ya ce goma na Afirka raina kai ne. A wannan makon kuwa, ɗakin kwanan ɗalibai mata ya kwana tara babu ɗigon ruwa, yara suna sayen jarka a hannun 'yan garuwa. Na sani ne domin ta teburina takardar kokensu ta bi, kuma tana cikin jakata a lokacin da ake wannan muhawara.

Rana ta biyu kowa ya kawo burinsa. Wannan yana son sabuwar tsangaya, wancan yana son cibiyar bincike, wani gidan rediyo, wani gonar gwaji, wani otal ɗin jami'a na kanta. Babu wanda ya ce wa wani a'a. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: rabin mutanen da ke ɗakin suna hangen kujerar shugaban jami'a nan gaba, kuma mai neman ƙuri'a ba ya sayen gaba. Da na zauna da dare na ƙirga, manufofi sun haura sittin. Da safe ma'ajinmu, wani dattijo marar yawan magana, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane kuɗi?" Aka yi dariya, shugaban taro ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti a kan wannan. Ni kuma na rubuta a bayanin taro cewa an lura da tsokacin ma'aji. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san wannan jimla maƙabarta ce. Abin da aka lura da shi ba ya sake tashi.

Tambayar dattijon nan ita ce gaskiyar maganar gaba ɗaya, kuma mutanen gari ba su cika fahimtarta ba. Suna ganin shugaban jami'a da jerin motoci da babbar riga ranar bikin yaye ɗalibai, sai su ɗauka sarki ne mai taska. A gaskiya kuɗin da ke hannunsa kaɗan ne ƙwarai. Albashi daga Abuja yake zuwa da sunan kowa, ba shi da ikon taɓa shi. Kuɗin gudanarwa na wata-wata da gwamnati ke bayarwa, a shekarun da na sani, ko kuɗin wuta ba ya biya. Jami'ar tarayya a hukumance ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga masu digirin farko, sai dai kuɗin rajista da na hidimomi, kuma duk ranar da aka ƙara ko sisi a kansu sai an shirya wa zanga-zanga. Saura kuma sai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Wannan asusu yana da tarihin da ya kamata matasa su sani. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnatin Babangida da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, lokacin Attahiru Jega ne shugabanta. A 1993 aka yi dokar harajin ilimi, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, sannan a 2011 aka sake fasalinsa ya koma TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati. In ka shiga kowace jami'ar gwamnati a ƙasar nan ka cire gine-ginen da ke ɗauke da sunan asusun nan, abin da zai rage ba zai yi daɗin gani ba. Ya kuma tura malamai da yawa karatun digiri na biyu da na uku, a gida da waje. Amma ba ya biyan albashi, ba ya sayen man janareta na yau da kullum. Sai aka wayi gari samun kuɗin gina sabon zaure ya fi sauƙi a kan samun kuɗin gyara famfon tsohon. Shi ya sa za ka ga ginin da aka buɗe bara da yankan ƙyalle, bana an garƙame bayinsa da kwaɗo.

Daga baya ma ɗan ikon da ya rage aka ƙara tsuke shi. A 2015 aka tattara kuɗaɗen hukumomin gwamnati cikin asusun bai-ɗaya a Babban Banki. Sai kuma tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya kai tsaye daga Abuja, wato IPPIS, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan dalilan yajin aikin malaman jami'o'i na 2020. A waɗannan shekaru, in farfesa ya rasu a sashen da ba shi da wani, ba ka isa ka ɗauki madadinsa ba sai an yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshin Abuja ana neman sahalewa. Sai a Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

To in haka ne, me ya rage a hannun shugaba? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar da na samu daga ƙarshen tebur ita ce: abin da ya rage masa shi ne lokacinsa, da mutanen da yake naɗawa, da sa hannunsa, da kuma kalmar a'a. Ta ƙarshen ita ce mafi tsada, kuma cikin shugabanni shida mutum ɗaya kawai na ga yana kashe ta ba tare da tsoro ba.

Mu a ofis mai jan biro muke ce masa, saboda da jan biro yake duba kowane fayil, kuma ba ya barin kuskuren rubutu ko da na waƙafi ne. Ba shi da fara'a. Ba ya zuwa gaisuwar Sallah gidajen manya sai dole. A makonsa na biyu ya kira ni, ya ɗauko kwafin irin wannan kundi da na tsinta a sito, ya ce, "Malam, kai ka rubuta wannan?" Na ce, "Yallaɓai, kwamiti ne." Ya ce, "Na san kwamiti ne, amma wa ya riƙe biron?" Na amsa laifina. Ya ce rubutun ya yi kyau, ya mayar da shi cikin durowa, ban sake ganin ya fito da shi ba. Sai ya ce in kawo masa jerin sassan da ba su miƙa sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce ba, da sunan kowane malami da adadin watannin da takardun suka yi a hannunsa.

Jerin ya cika shafi huɗu. Akwai kwas ɗin da ɗalibai suka rubuta jarrabawarsa wata goma sha ɗaya baya, malamin ya tafi hutun bincike da takardun a but ɗin motarsa. Akwai yaran da abokan karatunsu na wasu jami'o'i har sun gama bautar ƙasa, su kuwa suna gida suna jiran maki ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikin manufofinmu sittin, domin ba abin da za a ɗauki hotonsa ba ne.

A zamansa na farko da majalisar malamai ya ce abu uku zai yi a shekara biyar ɗinsa. Sakamako zai fito cikin mako shida bayan jarrabawa. Ruwa zai zauna a ɗakunan kwanan ɗalibai. Kuma duk ƙaramin malamin da ba shi da digiri na uku za a tura shi ya yi, a kuma tabbatar ya dawo. Shi ke nan. Ɗakin ya yi tsit, ana jiran sauran. Wani babban farfesa ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, da girmamawa, wannan ai ajandar shugaban makarantar kwana ce, ba ta jami'a ba. Mai jan biro ya ce ya yarda, kuma ranar da muka iya abin da makarantar kwana take iyawa, sai mu zauna mu tattauna na gaba. Wannan karon ban rubuta an lura ba. Na rubuta maganar yadda ta fito, magatakarda ya goge, na sake mayarwa da lafazi mai laushi.

Yadda ya bi da maganar sakamako shi ne abin da na fi koyo a wurinsa. Bai yi barazanar kora ba, don ya san dokar aiki ba za ta bar shi ba, ƙungiya ma ba za ta bari ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa jerin sunayen nan ya zama abu na farko a ajandar kowane zama, kafin komai, a karanta shi a bayyane. Shugaban sashe ya miƙe ya yi bayani a gaban takwarorinsa. Sannan duk takardar neman izinin zuwa taron ƙara wa juna sani ko hutun bincike, sai ta zo da shaidar cewa mai ita ba ya riƙe da takardun kowa. Malamin jami'a yana iya jure rashin albashi na wata takwas, mun gani, amma ba ya jure a karanta sunansa a cikin masu laifi a gaban yaran da ya koyar. Zango uku kawai aka yi, shafi huɗu ya koma rabin shafi.

Ruwa kuwa da ƙafarsa ya bi shi. Bayan sallar asuba sai ka gan shi da direbansa da wani tsohon ma'aikacin sashen ayyuka, suna zagaya rijiyoyin burtsatse ɗaya bayan ɗaya. A nan ya gano cewa rijiyoyin da aka rubuta sun mutu, da yawansu lafiyarsu ƙalau, injin ne aka cire, ko kuma wayar wuta ce aka sace ba wanda ya kai rahoto, saboda akwai masu cin moriyar kwangilar kawo ruwa da tanka. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ranar da ya soke kwangilar tankokin nan ya yi maƙiyan da suka bi shi har ƙarshen wa'adinsa.

Amma babbar rigimar ita ce ta tsangayar koyon likitanci. Manyan gari suna so, 'yan siyasa suna so, wasu cikin majalisar gudanarwa suna so. Tawaga guda ta zo, dattawa masu rawani, ni na shigar da su. Suka ce, "Farfesa, kai ɗanmu ne, kuma wannan ita ce damar da za ka bar abin tunawa." Ya saurare su har suka gama, ya sa aka kawo musu shayi, sannan ya lissafa musu da yatsu: asibitin koyarwa, ƙwararrun likitocin da za su koyar, ɗakunan gwaji, izinin hukumar NUC mai kula da jami'o'i da na majalisar likitoci ta ƙasa. Ya ce in ya buɗe ta a yau, cikin shekara uku zai tara musu 'ya'yansu a aji uku babu inda za su wuce, kuma kuɗin da zai zuba a ciki shi ne na ruwa da na karatun malamai. Ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Suka fita ba tare da sun shanye shayin ba. Daga ranar aka fara cewa a gari ba ya kishin yankinsa.

Wannan kalma ta kishin yanki tana ba ni mamaki in na tuna inda aka faro. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin ƙasar New Zealand ne. Wanda ya gaje shi a 1966, Ishaya Audu, likitan yara ne, Kirista, kuma ya riƙe ta har 1975. A ƙarshen shekarun 1970 Oladipo Akinkugbe ya shugabanci jami'ar ta Zariya, James Ezeilo kuma ya shugabanci ta Bayero a Kano. Yau kuwa, in kujera ta faɗi, tambayar farko a bakin mutane ita ce daga wace ƙaramar hukuma ɗan takara ya fito. Na ga takardun koke da aka rubuta a kan wannan da idona, wasu da sa hannun mutanen da ke koyar da ilimin haɗin kan ƙasa. Shugaban da ya hau ta wannan tsani kuwa ya hau da bashi a wuyansa, kuma lokacin ɗaukar ɗalibai da ɗaukar ma'aikata ake zuwa karɓa. A takarda, gurbin karatu kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. A zahiri akwai wani kaso da ba a rubuta ba, na 'yan guntayen takardu masu hatimi da ke zuwa a aljihun direbobi.

Akwai kuma maganar shekaru. Ishaya Audu shekara tara ya yi. Shekara tara ta isa ka tura yaro karatu waje, ya dawo, ka ga ya fara koyarwa, har ka ga ɗalibansa. Yanzu wa'adi ɗaya ne na shekara biyar, ba sabuntawa. Na san dalilin da ya sa aka yi haka, kuma ba na raina shi: neman zarcewa ya sha raba jami'o'i gida biyu, kuma rikicin shugabanci ba baƙon abu ba ne a tarihinmu, tunda har soja aka taɓa naɗawa, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar Zariya shi kaɗai daga 1995 zuwa 1998. Amma ga yadda shekara biyar take tafiya a idona. Ta farko ana koyon kujera da karɓar 'yan taya murna. Ta ƙarshe kowa ya juya wa mai barin gado baya, ana zawarcin mai zuwa, fayil ma sai ya yi nauyin tashi daga tebur zuwa tebur. Saura uku. In aka yi rashin sa'a yajin aiki ya faɗo a ciki, kamar na 2013 da ya ci kusan wata shida, ko na 2020 da ya ci tara, ko na 2022 da ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, to sai a ce biyu. Mutumin da ke da shekara biyu a hannu, in ba mai taurin kai ba ne irin mai jan biro, gini zai yi. Gini ana ganinsa, ana manna masa allo da suna. Malamin da ka tura karatu kuwa a zamanin wani zai dawo, wani ne zai yi masa barka da zuwa.

Kada in sa ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Mutumin yana da nasa. Ba ya iya rarrashi, kuma jami'a ba bariki ba ce, farfesoshi ba a ba su umarni, sai dai a shawo kansu. Ya raina zaman shan shayi da 'yan majalisar gudanarwa, alhali su ne masu amincewa da kasafinsa. Ya ɓata da mutanen kirki da yawa a kan abin da kalma ɗaya mai daɗi za ta gyara. Mafi muni, komai a kansa ya rataya. Bai rena wasu da za su ci gaba da aikin ba, bai kuma mayar da dokar mako shida ta zama rubutacciyar ƙa'ida da majalisar malamai ta zartar ba. Umarninsa ne kawai, yana aiki ne saboda ana jin nauyin idonsa.

A nan nawa laifin ya shigo, kuma shi ne abin da ya hana ni barci daren Asabar ɗin nan. Rubuta ƙa'ida aikin ofishinmu ne. Ni na san hanyar: a shirya takarda, a kai kwamitin tsare-tsaren karatu, a kai majalisar malamai, a buga ta cikin littafin dokoki. Aikin wata uku ne. Na yi niyya, har na fara daftari. Sai na ga iska ta fara juyawa a shekararsa ta huɗu, na lissafa cewa mai zuwa wataƙila daga cikin waɗanda aka karanta sunayensu zai fito, ni kuma ina jiran ƙarin girma. Na mayar da daftarin cikin durowa. Mun saba ɗora komai a kan shugabanni, amma shugaba baƙo ne, shekara biyar ya tafi. Mu ma'aikatan rajista mu ne 'yan gida, mu ne ya kamata mu zama ƙwaƙwalwar wurin. Wanda ya gaje shi bai soke komai ba. Kawai a zamansa na farko jerin sunayen ya koma abu na goma sha biyu a ajanda, lokacin da kowa ke duban agogo saboda sallar la'asar. Ni na buga ajandar.

Bayan shekara biyu aka buɗe sababbin kwasa-kwasai da dama a lokaci guda. Da lokacin tantancewar NUC ya zo, sai aka shiga abin da duk ma'aikacin jami'a ya sani amma ba a faɗa a bainar jama'a. Aka aro malamai daga maƙwabta na kwana uku, aka manna sunayensu a ƙofofin ofisoshi. Aka aro na'urori aka jera a ɗakin gwaji, wasu ko a wuta ba a sa su ba. Aka yi fenti, aka sayo littattafai aka buga musu hatimi da daddare. Kitso ne a kan ƙwarƙwata, kuma wasu daga cikin wasiƙun naɗin na wucin gadi ni na tsara su. Ba mu kaɗai ke neman malaman ba. A 2011 gwamnatin Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya tara, cikinsu har da na Dutse, Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 aka ƙara na Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa, ga na jihohi da masu zaman kansu suna ta tsirowa. Masu digiri na uku kuwa ba a ƙera su a dare ɗaya. Sai farfesa guda ya zama yana koyarwa a wuri uku, rabin makonsa a kan titi. Abin da ya cece mu a wasu sassan shi ne yaran nan da mai jan biro ya tura karatu. Sun dawo a daidai lokacin, aka jera su a gaban masu tantancewa ana alfahari, ba wanda ya ambaci sunan wanda ya sa hannu a takardun tafiyarsu.

Na bar aiki a lokacin da abubuwa suka ƙara tsanani. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, a watan Yuni aka rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya, aka kusa shekara babu su. A Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin farko, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, ya ninka fiye da sau uku. Waɗanda na bari a ofis suna gaya mini yanzu rabin zaman shugabanni a kan takardar kuɗin wuta yake ƙarewa. Ina tausaya wa duk wanda ke kan kujerar nan yau, da gaske nake. Sai dai da na tambayi wani ƙanena a ofis ko me ake ciki, ya ce an kafa kwamitin sabon kundin shekara biyar, kuma shi ne sakatare. Na ce masa in ma'aji ya ɗaga hannu, ya rubuta tambayarsa yadda ya yi ta. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ka rubuta?"

Mai jan biro na gan shi bara a wajen jana'izar wani abokin aikinmu. Ya tsufa, yana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗan daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Bai tambaye ni iyali ba, bai tambayi wanda ke kan kujera ba. Ya ce, "Malam, rijiyar bayan ɗakin kwanan mata, mai injin nan da muka canza, tana aiki?" Na ce masa tana aiki. Ban sani ba ko tana yi.

Kwafin kundin kuwa, na ajiye ɗaya a kan kanta. Sauran uwargida ta ce kada a ƙona, a kai wa mai ƙosan bakin layinmu ta riƙa naɗe wa mutane. Autan ya ɗauka ya kai mata. Bai jima ba sai ga shi ya dawo da su a ka. Wai ta yaga shafi ɗaya ta gwada, ta ce a gode mini, amma takardar ba ta shan mai.